Sauya uwar ƙungiya ga kulob ɗin ƙwallon 'yan mata: abin da doka ta tanada

Wata mai horar da 'yan mata ƙwallon ƙafa a Tudun Wadan Kaduna ta rubuto cewa shekara huɗu ke nan kulob ɗinta na 'yan ƙasa da shekara 17 yana ƙarƙashin wata gidauniya, amma tallafi ya ja baya, har iyaye ne ke harhaɗa kuɗin mota idan za a je wasa Zariya. Yanzu wata makaranta mai zaman kanta ta yi tayin ɗaukar nauyinsu, shugaban gidauniyar kuwa ya ce sunan kulob ɗin da riguna da 'yan wasa duk nasa ne. Tana tambaya: me doka ta tanada idan kulob ɗin zai koma ƙarƙashin makarantar?

Malama, maganar shugaban ta haɗa abubuwa uku da doka ba ta yi musu hukunci ɗaya ba, kuma mafi sauƙinsu shi ne batun yaran. Yarinya ba kadarar kowa ba ce. A ƙarƙashin Dokar Walwala da Kare Yara ta Jihar Kaduna ta 2018, duk wadda ba ta cika shekara 18 ba yarinya ce, saboda haka iyayenta ko waliyyinta ne ke da ta cewa kan inda za ta buga wasa. Haka kuma a ƙa'idojin FIFA, 'yar wasan da ba ta da rubutaccen kwantiragi, kuma ba a biyanta fiye da abin da take kashewa, ba ƙwararriya ba ce, babu kwantiragin aikin da ya ɗaure ta. Abin da ya rage shi ne rajista, domin ba a yi wa ɗan wasa rajista da kulob biyu a lokaci guda. Ki samu takardar amincewa daga iyayen kowace yarinya ɗaya bayan ɗaya, da sa hannu da kwanan wata, sannan ki nemi takardar sallama daga gidauniyar ki kai wa Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Jihar Kaduna. Kada ki dogara da cewa an yi taro kowa ya gyaɗa kai. Uban da ya yi shiru a taro shi ne zai ce ba da yawunsa aka yi ba ranar da 'yarsa ta gurɗe a ƙafa.

Batun suna ne ya fi sarƙaƙiya, kuma a nan ina jin shugaban ya fi ki hujja. Idan gidauniyar ta yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC a matsayin amintattu ƙarƙashin dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020, to ita ce doka ta sani, ita ke iya mallakar dukiya da shigar da ƙara, kulob ɗinki kuwa reshe ne kawai na ayyukanta. Da sunanta aka biya kuɗin shiga gasa, don haka gurbin gasar ma nata ne sai in ta sake shi a rubuce. Ko da ba ta yi wa sunan da tambarin rajistar alamar kasuwanci ba, tana iya kai ƙara cewa kuna amfani da sunan da jama'a suka san ta da shi kuna ruɗar masu tallafi. Na san da ciwo a bar sunan da aka yi gumi a kansa, amma sabon suna ya fi arha a kan shari'ar da za ta iya cinye kakar wasa biyu.

Kaya kuma rasit ne ke raba gardama. Ƙwallaye da ragar da gidauniya ta saya nata ne, kuma amintattunta ba su da ikon rabar da su yadda suka ga dama, tunda doka ta ce dukiyarta a kan manufofinta kaɗai za a kashe. Takalman da uwa ta saya wa 'yarta a Kasuwar Barci na yarinyar ne. Kuɗin da iyaye suka tara a asusun gidauniya domin wata tafiya ta musamman kuna da damar neman a yi lissafinsa, a dawo da abin da ya saura.

Shawarata ita ce ki fara da wasiƙa mai ladabi zuwa ga amintattun baki ɗaya, ba shugaban shi kaɗai ba, ki nemi zama, ki kuma roƙi hukumar ƙwallon jiha ta shiga tsakani. Dokokin FIFA da na hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, NFF, ba sa son a kai rikicin ƙwallo kotun gama-gari, kuma garajen yin hakan na iya jawo wa kulob takunkumi. Ki daidaita lokacin ƙaurar da ƙarshen kakar wasa.

Kafin ki sa hannu da makarantar, ki tabbata yarjejeniyar ta fayyace wanda ya mallaki sabon sunan, da wanda zai biya kuɗin magani idan an ji rauni, da mace baligar da za ta riƙa raka yaran duk tafiyar da za a kwana, da matsayin yaran da ba ɗaliban makarantar ba, da kuma wa'adin sanarwa idan ɗayanku ya so rabuwa. Takardun haihuwa da hotunan yaran da ke hannun gidauniya kuwa, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa sai da izinin iyaye za a miƙa su ga makarantar, saboda haka ki saka wannan izini a cikin takardar amincewar tun farko.