Dalilin da sauron da ya ƙoshi ba ya sauka a ƙafa

Ɗana, ka tambaye ni abin da ya sa sauron da muke zuƙewa da bututu a ƙafar mutumin da ke zaman dare don sauro ya sauka masa mu kama kusan duk cikinsa wayam yake, alhali wanda muke tsinta da asuba a kan farin kyallen da muke shimfiɗawa a ɗaki bayan feshin maganin sauro cikinsa jawur. Tambaya ce mai kyau, domin amsarta tana cikin hancin sauron.

Ka san mace ce kaɗai ke shan jini, saboda ƙwai take so ta yi. Da ƙananan gasun da ke bisa eriyarta da kuma gefen bakinta take shinshino mu, wato iskar da muke fitarwa in mun numfasa, da warin gumi da na fata. Amma da zarar ta ƙoshi sai wannan sha'awa ta mutu na kwana biyu zuwa uku, ko da ka miƙa mata hannu cikin keji.

Birki biyu ne ke riƙe ta, kamar yadda masu bincike Klowden da Lea suka nuna a Amurka a ƙarshen shekarun 1970 da sauron Aedes aegypti. Na farko kumburin ciki ne, wanda jijiya ke kai labarinsa nan take. Na biyu kuwa yana zuwa ne daga baya, lokacin da ƙwai suka fara girma, wasu sinadarai suka shiga ruwan jikinta, har jijiyoyin da ke jin sinadarin laktik asid na gumi su dushe. A jikin Anopheles gambiae, mai yaɗa mana zazzaɓin cizon sauro, masu bincike a Jami'ar Vanderbilt sun ruwaito a 2001 cewa aikin wata ƙwayar halitta mai alaƙa da jin wari, da ake kira AgOr1, yana yin ƙasa a eriya awa 12 bayan shan jini.

Abin da ya fi burge ni, kuma nake so ka riƙe, shi ne hancin bai toshe ba, alƙibla ya sauya. Yayin da ƙwai ke nuna, sai ta ƙara jin warin wurin da za ta zuba su. Shi ya sa muke jiƙa ciyawa a ruwan tarkon sauro masu ƙwai mu kama nau'in sauron da ake kira Culex, ita kuwa Anopheles ta fi son kududdufin da rana ke duka, ko ruwan da ya kwanta a sawun shanu.

Saboda haka, in za ka gwada warin mutum a kan sauro, kada ka ɗauko daga kejin da aka ba jini jiya, don ba za su motsa ba, kai kuma ka rubuta sakamakon ƙarya. Ka lura kuma da wadda aka kora kafin ta ƙoshi, domin cikinta bai kumbura sosai ba, tana iya komawa kan wani mutum a daren nan. A takardarka, ka ware irin wannan daban da mai cikakken ciki.