Ga mai tambayar inda zai kalli fasahar zamani a Legas

Ƙanena, na ga tambayarka tun shekaranjiya: za ka yi sati uku a Legas cikin watan Nuwamba, kana son leƙa wuraren baje kolin zane-zanen zamani, amma kana tsoron ka je ka yi tsuru-tsuru ba ka gane komai ba. Na jira ko wani zai amsa maka, sai na ga an cika wurin da "Allah ya kai ka lafiya". To amin. Amma bari in ɗan ce wani abu, don na yi shekaru ina aiki a can, kuma Asabar ɗina da yawa a irin waɗannan wurare ta ƙare.

Ka yi sa'ar wata. A farkon Nuwamba ake yin ART X Lagos, babban baje kolin zane-zane na shekara-shekara, wanda Tokini Peterside ta kafa a 2016, a otal ɗin Federal Palace da ke Victoria Island. Sai dai kada ka fara da can. Kasuwa ce, da tikiti ake shiga, kowa ya ci kwalliya, rabin jama'ar kuma juna suka zo kallo. Idan ka ga ɗan jan ɗigo a gefen zane, an riga an saye shi ke nan. Ni da farko na ɗauka ado ne.

Fara da gidan Nike da ke Lekki, na Nike Davies-Okundaye, wadda kowa ke kira Mama Nike. Ba a biyan kuɗin shiga. Bene ne hawa-hawa, an cika bango da zane tun daga ƙasa har sama, har ido ya rasa inda zai sauka. Ita gwanar adire ce, wato rinin baba na Yarbawa, don haka wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata zai ji kamar ya haɗu da dangi. Kuskuren da na yi zuwan farko shi ne na ce sai na kalli komai. Na fito da ciwon kai, ban riƙe ko ɗaya ba. Zagaya sau ɗaya da sauri, ka zaɓi uku da suka ja ka, ka koma musu.

Yanzu ga abin da kake tsoro, wato aikin da ba a rataye shi a bango, girka shi ake yi a tsakar ɗaki, wani lokaci ma ka shiga cikinsa. Wata rana na shiga wani ƙaramin gidan baje koli a Ikoyi, na tarar da jakunkunan nan masu ratsin ja da shuɗi, Ghana-must-go, an jibge su har kusan rufi, wasu a zuge, wasu baki buɗe, hannun wata riga na leƙowa. Wallahi na ɗauka ba su gama kwashe kaya ba ne. Har na kai hannu zan gyara wata da ta karkace, sai yarinyar da ke tsaron wurin ta daka mini tsawa a gaban mutane, kamar ta kama ɓarawo. Kunya ta hana ni fita, sai na tsaya ina kallon tarin don in nuna ban damu ba. Wannan tsayuwar dole ce ta yi mini rana. Bayan kamar minti goma sai 1983 ta faɗo mini a rai, shekarar da gwamnatin Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu, 'yan Ghana suka cusa rayuwarsu a cikin irin waɗannan jakunkuna, sunan kuma ya bi jakar har yau. Daga nan na tuna jakar da mahaifiyata ta ɗaure mini da igiya ranar da na fara barin gida. Ba wanda ya yi mini bayani.

Tun daga ranar, tambayata ta farko ba "me wannan yake nufi" ba ce. Da me aka yi shi? A ina aka samo? Hannun wa ya bi kafin ya iso nan? Gwada wannan a kan aikin El Anatsui idan ka ci karo da shi. Ɗan Ghana ne da ya fara koyarwa a jami'ar Nsukka a 1975. Daga nesa za ka rantse wani ƙasaitaccen mayafin sarauta ne na zinariya. Matso kusa, sai ka ga murafan kwalaben giya ne aka daddatse, aka ɗinke da wayar tagulla ɗaya bayan ɗaya. A 2023 irin wannan aikin nasa ne ya cika babban zauren gidan baje kolin Tate Modern a Landan. Bola ce fa, irin wadda 'yan jari-bola ke tsinta.

Kuma kada ka shiga da jin kai baƙo ne a harkar. Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya da Uche Okeke da Demas Nwoko, waɗanda za ka ji ana ambata da girmamawa, a Zariya suka yi karatu, a kwalejin da ta zama ABU, a can suka kafa ƙungiyarsu a 1958 suna cewa ba za su kwaikwayi Turawa ido rufe ba.

Wani babban baje kolin, Lagos Biennial, ba kowace shekara ake yi ba, sai ka bincika ko ya dace da zuwanka. Na farko, a 2017, a tsohon shagon gyaran jiragen ƙasa na Ebute Metta aka yi shi, tsakanin matattun taragu, na 2024 kuma a dandalin Tafawa Balewa. Gidan tarihin Yemisi Shyllon na jami'ar Pan-Atlantic ya cancanci zuwa, amma yana can Ibeju-Lekki, ware masa yini guda ka fita da sassafe saboda gosulo. Ƙananan gidajen baje koli kuwa kira su kafin ka tashi, don tsakanin baje koli da baje koli sai ka tarar da bango fari fat. Ka tambaya kafin ka ɗauki hoto, kuma hannunka a aljihu.

Idan ka biya ta Onikan, shiga gidan tarihi na ƙasa. Ba na fasahar zamani ba ne, amma motar da aka harbe Murtala a ciki ranar 13 ga Fabrairu, 1976 tana nan a ajiye, da hujojin harsashi a jikinta. Na fi rabin awa a gabanta.