Amsa ga 'yar'uwa mai yaron da ke kwance kayan gida

'Yar'uwa, da na karanta tambayarki sai da na ajiye waya na yi shiru. Kin ce yaronki ɗan shekara tara ba ya son karatu, duk abin da ya samu sai ya kwance shi, kina neman littattafan masu ƙirƙira ko za su ja hankalinsa. Wallahi kamar labarina kika rubuta.

Nawa yana aji huɗu ya cire batirin tocila, ya haɗa da injin wata motar wasa, ya yanka murfin roba ya yi 'yar fanka. Tana juyawa kuwa! Ya ɗauka da murna ya kai wa malaminsu. Mutumin nan ya ɗaga ta a gaban yara ya ce ga abin da daƙiƙi ke yi maimakon karatu, ya jefa ta a kwandon shara, aji ya fashe da dariya. Yaro ya dawo ido jajur, ni kuma ban ko tambayi dalili ba na rufe shi da faɗa a kan tocilar. Sai da dare ƙanwarsa ta ba ni labari. Sati uku sukudirebansa na kan taga bai taɓa ba. Na je makarantar, malamin ko haƙuri bai bayar ba, wai gyara yake yi. Har yau in na tuna fuskar yaron nan sai zuciyata ta yi zafi.

Abin da ya fara dawo da shi labarin Louis Braille ne, ɗan Faransa da basilla ta soki idonsa a shagon mahaifinsa baduku yana ɗan shekara uku, ya makance, amma yana da shekara 15 ya ƙirƙiro rubutun makafi mai ɗigo shida. Ni na karanta masa, ban ce ya karanta ba. Don Allah kar ki miƙa masa littafi ki tashi, zauna da shi.

Ki nemi littafi mai zane da ke nuna cikin abu, yadda wannan ke tura wancan. Mai jero sunaye da shekaru kawai ba zai kai shafi biyar ba. Ki duba kuma ko littafin na faɗin sau nawa mutum ya gwada ya kasa. 'Yan'uwan nan Wright masu gyaran keke ne a Amurka, tashinsu na farko da jirgin saman da suka ƙera a 1903 sakan 12 kacal ya yi. Nawa ya fi son wannan sakan 12 ɗin a kan komai.

Wani abu da ke ɓata min rai, littattafai da yawa sai su nuna kamar Edison shi kaɗai ya yi ƙwan lantarki a 1879, alhali Joseph Swan na kan aikin a Ingila, Lewis Latimer baƙar fata kuma ya inganta zaren cikinsa. Ki nemo masa Al-Jazari, wanda ya rubuta littafin na'urori a 1206, har da agogon giwa mai aiki da ruwa. Da William Kamkwamba na Malawi, da rashin kuɗi ya fitar da shi makaranta, ya ga hoto a littafin laburare ya haɗa injin iska mai ba da wuta da tarkacen keke yana ɗan shekara 14.

Kuma ki daina dukansa in kina yi, ni na yi na yi nadama. Ki tara masa matattun kaya a kwali, agogo, tocila, rediyo mai batir. Banda abin da ake jonawa a soket, banda batirin waya, yana iya kamawa da wuta. Ki kuma riƙa tambayarsa me malamansa ke ce masa a aji, don nawa da ƙanwarsa ba ta faɗa ba da har yau ban sani ba.