Kembrij ko Wageningen: amsa ga ƙanena mai tambaya

Wa alaikumus salam. Ƙanena da ya samu gurbin digiri na biyu a fannin amfanin gona a Kembrij ta Ingila da kuma Wageningen ta Holan, gida kuma kowa na cewa Kembrij, barka da arziki. Allah ya sanya albarka.

Ni Wageningen na yi bayan na gama a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru. Ranar da na kai wa Baba takardar, a zaure yake da abokansa. Ya juya ta, ya sake juyawa, sai wani dattijo ya ce, "To ita wannan a wace ƙasa take?" Na ji abin har cikin raina, ba zan ɓoye maka ba. Kembrij tun 1209 take, sunanta ya riga ya shiga kunnen kowa. Ita kuwa Wageningen a 1918 ta samu matsayinta na babbar makaranta, garin ma ƙarami ne, kowa a kan keke.

Amma da na dawo neman aiki, ba 'yan zaure ne suka yi min tambayoyi ba. Masu binciken noma ne, irin waɗanda ke hulɗa da IITA da ICRISAT, cibiyoyin binciken noma na ƙasa da ƙasa masu rassa a Kano, da cibiyar noman tsandauri ta Jami'ar Bayero. A wurinsu Wageningen ba ta buƙatar gabatarwa, don ta daɗe a sahun gaba a duniya a wannan fanni. Kusan rabin awa muka kwashe a kan bincikena game da wuta-wuta a gonar dawa: yadda irinta ke kwance a ƙasa shekara da shekaru, sai ya ji sinadarin da saiwar dawa ke fitarwa sannan ya tsiro. Wata ta tambaye ni wanda ya duba aikin, da na faɗa, ashe ta san rubuce-rubucensa. Nan hira ta canza.

Abin da ya ba ni damar wannan shi ne lokaci. Shekara biyu ake yi a Wageningen, da watanni na bincike zalla, da zaman koyon aiki a wata ma'aikata. Na Ingila galibi shekara ɗaya ne, kafin ka saba da sanyi an fara zancen kundi.

Kada ka ɗauka raina Kembrij nake yi, wane ni. Suna da ƙwararrun masana tsirrai, kuma idan zuciyarka na ga barin gona, ka koma banki ko ƙungiyoyin duniya ko aikin tsara manufofin gwamnati, sunan nan zai buɗe maka ƙofofin da tawa ba za ta buɗe ba. Wannan gaskiya ce.

Ba ka ce komai ba kan kuɗi, kuma abin ya tsaya min a rai. In ɗaya ta ba ka cikakken tallafi, ɗayar kuwa sai an sayar da fili, don Allah kada a sayar.

Cikin makon nan ka buɗe shafin kowane sashe, ka nemo malamai biyu da aikinsu ya shafi dawa ko gero ko wake, ka rubuta musu abin da kake son bincika. Amsoshin ka kai wa Baba da kanka, ka zauna ka karanta masa da Hausa.