Tambaya da Amsa: Wane Jatan Lande Ne Zai Zauna Lafiya a Tankin Murjani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tankin ruwan gishiri mai cin lita 200. A ciki akwai murjani mai rai, dodon koɗi, ƙananan kaguwa masu shiga katantanwa, tauraron teku ɗaya, da jatan lande biyu masu wanke kifi, wato masu tsince masa datti da ƙwari a jiki. Mai shago yana ta kwaɗaita mini iri biyu: mai ratsin ja da fari da manyan hannuwa, da wani fari mai ɗigo-ɗigo. In ƙara su? Daga mai karatu a Jidda.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shawararmu ka bar masa kayansa duka biyun.

Biyun da kake da su, *Lysmata amboinensis*, ana samun irinsu a nan Bahar Maliya, kuma ba su da fitina. Iyakar laifinsu kwaɗayi: sukan zura hannu su zaro abinci daga bakin murjani. Ka fara ba su ɗan yankin nama a ɗaya gefen tankin, sannan ka ciyar da murjanin. Kada ka ƙara na uku irinsu, domin a tanki irin naka sukan kashe juna har sai biyu sun rage.

Mai ratsin nan, *Stenopus hispidus*, ba ya taɓa murjani, amma ba ya son ganin wani jatan lande kusa da raminsa. Haɗarin yana ranar saɓa. Jatan lande yakan tuɓe ɓawonsa bayan 'yan makonni, sabon jikin ya kwana da laushi kamar tsoka, ba shi da abin kare kai. A wannan daren ake cinye shi, da safe ka nema ka rasa. Kaguwa ma takan samu rabonta a nan. Saboda haka a jera duwatsu da ramuka masu ƙofa biyu. In ka ga ɓawo kwance a kan yashi, leƙa ramuka kafin ka ce ya mutu, galibi yana ciki.

Fari mai ɗigon, *Hymenocera*, tauraron teku kaɗai yake ci. Zai kifar da naka, ya riƙa cinsa da ransa har ya ƙare, daga nan kuma sai ka riƙa sayo masa wani ko yunwa ta kashe shi.

In dai ƙari kake so, ɗauki *Lysmata wurdemanni* biyu, masu cin *Aiptasia*, wata ƙaramar dabbar ruwa mai harbi da ke yaɗuwa a tanki kamar ciyawa. Amma duba bayansa da kyau, don ana yawan sayar da wani mai ƙusumbi da fararen layuka a madadinsa, shi kuwa murjani mai laushi yake gaigaya. Su kuma kaguwarka, zuba musu katantanwa marasa kowa masu girma daban-daban, in ba haka ba su kashe dodon koɗi don su gaje gidansa.

Tambaya: Na sayo jatan lande lafiya lau, kafin gari ya waye ya mutu, alhali kifayena ƙalau suke. Daga mai karatu a Yanbu.

Amsa: Ɗan'uwa, fara tuhumar gishiri. Kifi yana jure sauyin ruwa, jatan lande ba ya jurewa. In ka sake sayo wani, juye shi da ruwan ledarsa a bokiti, ka ja siririn tiyo daga tanki, ka ƙulla shi yadda zai riƙa ɗiga sau biyu zuwa uku a daƙiƙa, na minti 45 zuwa awa ɗaya. Ma'aunin gishiri ya tsaya a 1.025, wato kusan kashi 35 na gishiri cikin 1,000 na ruwa, zafi tsakanin digiri 24 da 26. Da bazara ruwa yakan ƙafe da sauri, gishiri ya hau, don haka ka cike gurbin da tataccen ruwa marar gishiri. In kuwa ɗibowa kake yi daga teku, gishirin ruwan Bahar Maliya ya kai kusan kashi 40 cikin 1,000, tanki kuwa 35 yake so, sai an sirka.

Sai magani. Idan ka taɓa zuba maganin kifi mai sinadarin jan ƙarfe a tankin, duwatsu da yashi sun riƙe shi, suna sakinsa a hankali, kuma ɗan kaɗan ya isa kashe jatan lande da dodon koɗi. Auna ruwan kafin ka sake kashe riyal ɗinka.