Tambaya da Amsa: Ɗaukar Hoton Gajimaren Orion Daga Tsakiyar Birni

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Kano, ina da kyamarar DSLR da lens mai milimita 135 da sanda mai ƙafa uku. Na gwada ɗaukar gajimaren Orion (tarin iskar gas da ƙura mai haske a cikin rukunin taurarin Orion) daga saman bene, na bar kyamarar a buɗe daƙiƙa 30, sai sararin ya fito ruwan lemo, taurari kuma suka zama zane-zane. Filta (gilashin tace haske) zan saya ko me?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kuɗin filta ka ajiye su tukuna, domin matsalolinka biyu ne daban-daban, kuma a wannan mataki ba filta ce maganin ko ɗaya ba.

Zane-zanen daga juyawar duniya ne. Sama tana tafiya digiri 15 a kowace awa, Orion kuwa yana kusa da tsakiyar sararin inda wannan tafiyar ta fi sauri. Da lens na milimita 135 a kan sanda marar na'urar bin taurari, daƙiƙa ɗaya ce iyakarka, biyu ta yi yawa. Ruwan lemon kuma hasken fitilun gari ne da ke dukan ƙura da iska ya dawo cikin lens. Daɗa tsawon buɗewa ba ya raba gajimaren da wannan haske, duka biyun yake ƙarawa tare.

Abin da ke aiki a birni shi ne tara hotuna masu yawa. Sa kyamarar a RAW (ɗanyen hoto da kyamara ba ta sarrafa ba), ISO (ƙarfin jin haske) 1600, ka buɗe ƙofar lens zuwa f/2.8 ko abin da ya fi kusa. Kashe saitin gani na kai-tsaye, ka ƙara girman wani tauraro mai haske sau goma a allon kyamara, ka murɗa zoben saitin gani a hankali har tauraron ya zama ɗigo mafi ƙanƙanta, sannan ka manna tef don kada ya goce. Ɗauki hoto 600 zuwa 1,000 na daƙiƙa ɗaya-ɗaya da rimot ko na'urar ƙidaya lokaci, kada hannunka ya taɓa kyamarar. Gajimaren yana matsawa digiri ɗaya duk minti huɗu, don haka bayan kowane hoto ɗari ka dawo da shi tsakiya. Dalilin yawan nan lissafi ne: in ka ninka adadin hotuna sau huɗu, tsabtar hoton sau biyu kawai take ƙaruwa.

Kafin ka sauko, rufe bakin lens ka ɗauki baƙaƙen hotuna 40 da saiti iri ɗaya, a wurin, domin ɗige-ɗigen da zafin kyamara ke haifarwa yana canzawa da yanayi. Sai ka yafa farar riga a bakin lens, ka haska ta da farin allon waya, ka ɗauki 25 ba tare da ka taɓa saitin gani ba. Waɗannan su ke cire duhun kusurwoyi da tabon ƙura. Mutane da yawa suna tsallake su, sai su zo suna kuka da zobe-zobe a hoto. Haɗa duka a manhajar Siril ko DeepSkyStacker, duk kyauta ne. A Siril akwai wurin cire hasken bango, nan ne ruwan lemon zai tafi. Yi wannan kafin ka fara ƙara wa hoton haske, in ba haka ba launin zai ƙone maka gefe ɗaya.

Lokaci ma yana da nasa. Daga Disamba zuwa Fabrairu Orion yana hawa sama da digiri 70 a Kano, ka sami gajimaren a ƙasan taurari ukun nan da ke jere. Amma lokacin hunturu ne, kuma daren da hazo ya sauka, ƙura tana ninka hasken gari. Zaɓi daren da iska ta share sama, babu farin wata, ka jira ya hau can sama.

Tambaya: To yaushe filta take da amfani? Na ji ana cewa tana kashe hasken fitilu.

Amsa: Tsofaffin filtocin an yi su ne don fitilun sodiyam masu ruwan ɗorawa, waɗanda haskensu ya taru a launi ɗaya, wajen nanomita 589 (nanomita ma'aunin tsawon zangon haske ne). Fitilun LED na yanzu sun bazu a kusan dukkan launuka, saboda haka irin wannan filta ba ta iya tsince su. Wadda ke aiki ita ce mai ƙofa biyu, tana barin jan hasken haidurojin na nanomita 656 da na iskar oksijin wajen 500 kaɗai. Sai dai tana rage haske sosai, dole ka buɗe minti biyu zuwa uku, wato sai da na'urar bin taurari. Ita kuma na'urar sai an saita ta da tauraron arewa, wanda a Kano digiri 12 kawai yake sama da ƙasa, gini ko hazo na iya ɓoye shi, don haka nemi gefen bene da arewa take a buɗe. Ka kuma sani DSLR da ba a cire mata filtar ciki ba tana tare mafi yawan jan hasken nan tun daga ciki. In ka kai wannan mataki, haɗa da 'yan hotuna na daƙiƙa biyar, domin tsakiyar gajimaren, inda taurari huɗu na Trapezium suke, tana ƙonewa fari fat a dogon buɗewa.