Tsohon gida zai koma wurin aikin addini: me za a fara saya, wa za a biya?

Wasiƙun wannan mako sun zo daga garuruwa daban-daban, amma damuwarsu ɗaya ce: ga tsohon gida an samu, ga masu son taimakawa da ƙarfinsu, ga kuɗi ba yawa.

Daga Zariya: Malam, mahaifinmu ya rasu ya bar gidan ƙasa a cikin birni, zaure da ɗakuna biyar. Mu manyan 'ya'yansa mun yarda a mayar da shi makarantar Islamiyya da wurin wa'azi, ladan ya je masa. Matasan unguwa sun ce za su yi aikin gayya. Da ɗan abin da muka tara, siminti za mu fara saya ko kwano?

Allah ya jiƙan mahaifinku, ya karɓi niyyarku. Amma ɗan'uwa, kada ku sayi ko buhu ɗaya tukuna. Ka ce manya sun yarda. Ina ƙanana? Ina 'yan'uwanku mata da ke gidajen mazajensu? Ina iyayenku mata, waɗanda Allah ya yanka musu tumuni? Daga ranar da mai gida ya cika, gidan ya zama na magada gaba ɗaya, kuma babban wa ba shi da ikon kyautar da rabon maraya, ko da don gina makaranta ne. Lokacin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zai gina masallacinsa a Madina, filin na wasu marayu biyu ne, Sahal da Suhail. Sun so su ba shi kyauta, ya ƙi, sai da aka biya su. To, ku yi haka. A kira malami masanin gado ko a je kotun shari'a, a yi wa gidan kuɗi, a fitar da rabon kowa. Wanda ya balaga ya yafe nasa da bakinsa, ba don kunya ba, a rubuta. Wanda bai balaga ba, ko yake da buƙata, a biya shi. Idan biyan ya cinye duk abin da kuka tara, kuɗin ya tafi inda ya dace.

Bayan nan sai takardar wakafi. Sharaɗin da Sayyidina Umar ya sa wa filinsa na Khaibar shi ne asali: ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado. Ku rubuta haka ƙarara, da iyakokin gidan, da abin da aka keɓe shi dominsa, da sunayen amintattun da za su riƙe shi, mai unguwa da shaidu su sa hannu. Ku yi wa amintattun rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta ƙasa, domin takardun fili da asusun banki su fita da sunan makaranta, ba na wani mutum ba. A Jihar Kaduna maganar fili tana hannun hukumar KADGIS, izinin gini da sauya amfanin gida kuma hukumar tsara birane ta KASUPDA. Ku tuntuɓe su tun kafin a kafa tsani.

Yanzu ga tambayarka. Rufi ne farko. Ginin ƙasa ba tsufa ke kashe shi ba, ruwa ne: wanda ke yoyo ta soro, da wanda indararo ke zubarwa a jikin bango, da wanda ke kwanciya a gindinsa. Ku nemo tsohon magini, wanda ya san tubali da azara, ku biya shi kuɗin yini ya zaga gidan. Zai ƙwanƙwasa azara ya ji wadda ta rube, ya duba tsagar da ta ratsa bango daga sama har ƙasa, ya gaya muku ɗakin da zai gyaru da wanda sai an sauke. Ba ku da uzurin rasa irinsa a garin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a tun ƙarni na 19, ɗaurin gugansa, wato rufin ƙasa mai lanƙwasa, kuma yana nan tsaye har yau. Azara daga giginya ake tsago ta, gara ba ta cika cin ta ba, don haka kada a yi gaggawar zubar da tsofaffin da ke da lafiya a maye gurbinsu da ɗanyen katako.

Abin da na fi jiye muku shi ne shafa filastar siminti kai-tsaye a bangon ƙasa. Ranar farko za ta yi kyau, kowa ya yaba. Amma ƙasa tana shan danshi tana fitarwa, siminti kuwa yana toshe ta. Danshin da ya shiga ta tsaga ko ya taso daga ƙasa sai ya maƙale a bayan filasta, bangon yana narkewa a ciki ba wanda ya gani, sai wata damina filastar ta ɓallo da naman bangon. Magabata da yaɓe suke rufe bango, su bi shi da makuba ta ɓawon ɗorawa, soro kuma su shafe shi da laso, wani yaɓe mai hana ruwa shiga, sannan su sabunta kafin ruwa ya sauka. Idan za ku iya riƙe wannan sabuntawar, ita ce ta fi dacewa da gidan. Idan ba za ku iya ba, ku ɗora kwano mai baki da ya zarce bango sosai, ku kai simintinku inda yake da amfani: daɓen ƙasa, dakali mai gangara a gindin bango, magudanar ruwa, da banɗakuna sababbi na bulo. Wurin alwala kuwa ku nisanta shi da tsohon bango, domin yara ɗari masu alwala kullum sun fi ruwan Agusta ɓarna.

Ku fara da kaka, bayan ruwa ya ɗauke, ku yi niyyar rufi ya kammala kafin watan Mayu. Siminti kada ku tara shi. Yana daskarewa idan ya daɗe a ajiye. Ku saya gwargwadon aikin mako biyu, ku jera a kan katako, ba a ƙasa ba.

Daga Kano: Ni ce ma'ajiyar ƙungiyar matan da ke ɗaukar nauyin gyaran wani gida don karatun matan aure. Wani yaro ya ce ya iya haɗa wayar lantarki, zai yi mana fi sabilillahi. Wani kuma ya ce zai yi rufin. Mu karɓa, ko mu biya masu sana'ar?

Hajiya, Allah ya saka musu da alheri, amma waɗannan biyun ku biya gwanaye. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, gaskiya ne, sai dai akwai aikin da yawan hannu ba ya yi, sai ƙwarewa. Kwashe ɓaraguzai, ɗebo ruwa, tankaɗe yashi, kwaɓa ƙasa, miƙa bulo, shayar da sabon siminti ruwa safe da yamma har kwana 7, fenti, shara: duk wannan na 'yan gayya ne, kuma a nan ne za ku rage kuɗin lebura mai yawa. Wayar wuta, ɗaurin katakon rufi, sauke bango, da haƙa ramin masai kuwa, kuskure a cikinsu rai yake ci. Wanda ya yi kyauta kuma ba a iya ce masa ya kwance ya sake, nauyinsa ake ji. Wanda aka biya ana iya tsayar da shi.

Ga mafita da ba za ta karya wa yaran gwiwa ba: ku ɗauki ƙwararre, su zama 'yan hannunsa. Sun samu lada, sun ƙara ilimi.

Gayya kanta tana da kuɗinta, ku sa a lissafi. Shebur, diga, baro, kwanon ɗiban kankare, safar hannu, ruwan sha, da abinci mai kyau a kan lokaci. Ku naɗa mutum ɗaya mai ba da umarni, kuma kayan aiki su iso tun ana gobe za a yi aikin. Matasa ashirin da suka zo ranar Asabar suka tarar ba yashi, da wuya su dawo Asabar ta gaba. Ƙananan yara kada su shiga inda ake rushe-rushe. Ke kuma ki riƙe littafi: duk abin da ya shigo, ko buhu ɗaya ne, da duk rasit, a karanta wa 'yan ƙungiya kowane wata.

Daga Jos: Majami'armu ta karɓi wani tsohon gidan mishan, ginin dutse, za mu gyara shi ya zama masaukin masu bishara. Matasanmu suna so su ɓalle tsohon silin su sa sabo. Kuma an yi mana tayin kwano da ƙofofi na hannu da araha.

Malam, ku dakatar da matasan. Gidajen wancan zamani da yawa silinsu, wani lokaci har rufinsu, na asbestos ne. Muddin yana zaune lafiya ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Idan aka farfasa shi, ƙurarsa tana shiga huhu ta zauna, cutar kuma, ciki har da daji, ba ta bayyana sai bayan shekaru masu yawa. Takunkumin yadi ba ya tare ta. A samo injiniyan gini ya duba. Idan bai tsattsage ba, ya fi sauƙi a bar shi a rufe shi. Idan dole ne a cire, masu sanin aikin su cire shi a jiƙe, fale-fale ba tare da an fasa ba, a naɗe a leda. Tsohon fenti ma kada a kankare shi a bushe, yana iya ƙunsar dalma. Tsofaffin wayoyi kuwa a sauya su gaba ɗaya.

Ƙofofi da tagogi na hannu ku saya, in dai gara ba ta ci katakon ba. Sau da yawa sun fi na yanzu nauyi. Kwano na hannu kuwa yana zuwa da ramukan tsofaffin ƙusoshi, kowane rami kuma yoyo ne, sai dai a yi rumfar girki ko shinge da shi. Na ɗakunan kwana ku sayi sabo, ku tambayi kaurinsa da lamba, kada na alminiyom ya gaza milimita 0.45, a auna a gabanku, a kuma rubuta kaurin a jikin rasit.